Zaɓen Kalma a Bayanin Finafinan Tarihi a Ƙasar Hausa

1. Gabatarwa

Kowane fim yana tafe da bayaninsa. Kafin mai kallo ya zauna gaban allo, akwai wanda ya riga ya gaya masa abin da zai gani, ko da baki, ko a takardar talla, ko a shafin jarida, ko a kundin ma'ajiyar finafinai. Wannan bayani yawanci gajere ne, jimla uku ko huɗu, kuma ba safai yakan tsaya yadda aka fara tsara shi ba. Wani ya juya shi daga Turanci ko Faransanci zuwa Hausa, wani ya taƙaita shi, wani kuma ya canza masa kalmomi don kada a ce ya kwafa. A kowane juyi akan cire wata kalma a sa 'yar'uwarta, bisa zaton cewa ma'anarsu ɗaya ce.

Idan fim na nishaɗi ne kawai, asarar da ke cikin wannan musanya ba ta taka kara ta karya ba. Amma idan fim na tarihi ne, watau wanda ya shafi yaƙi ko bauta ko sarauta ko zuwan Turawa, to kalmar da aka zaɓa ita ce ke yanke wa mutanen da hukunci a idon 'yan baya. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin wannan aiki na sake fasalin bayani a ƙasar Hausa, tun daga zamanin majigi, sa'an nan a ɗauki finafinai biyu, Shaihu Umar da Sarauniya, a nuna inda kalmomi masu kusancin ma'ana suke rabuwa da juna.

2. Sunayen Abin Kallon

Kafin a kai ga bayanin fim, shi kansa abin kallon ya samu sunaye dabam-dabam a bakin Hausawa, kuma kowane suna da hukuncin da yake ɗauke da shi. Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan Turanci na wata fitila da ake haska hotuna da ita a jikin bango, tun kafin zuwan hoto mai motsi. Akwai kuma dodon bango, sunan da ke nuna tsoro da ƙyama, domin ya jingina abin ga aljanu da sihiri. Daga baya silima ta shigo, sa'an nan fim.

Da tafiya ta yi tafiya sai majigi da silima suka raba gari. Majigi ya zama sunan kallon da hukuma ke kawowa kyauta a mota, a kafa a fili, yara da manya su taru. Silima kuwa ta zama sunan gidan da ake biyan kuɗi a shiga, irin Rex da aka buɗe a Kano a 1937, da Palace da aka buɗe a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi a 1952. Yaron da ya ce ya je majigi ba ya jin tsoron faɗa a gida, amma wanda aka ce ɗan silima ne an taɓa mutuncinsa. Na'urar ɗaya ce, hasken ɗaya ne, amma kalmomin biyu ba sa maye gurbin juna. Wannan shi ne darasi na farko ga mai juya bayani.

3. Mai Sharhin Majigi

Tarihin majigi a Nijeriya yana haɗe da sunan William Sellers, wani jami'in lafiya Bature da ya fara amfani da fim a Ikko a ƙarshen shekarun 1920 don wayar da kan jama'a game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939, da aka fara yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, aka ɗora Sellers a kansa, kuma sashen ya yi aiki har 1955. Ra'ayin Sellers shi ne mutanen Afirka da ba su yi boko ba, ba za su fahimci fim mai saurin canza hoto ba, saboda haka a riƙa shirya musu fim mai tafiya a hankali, kuma a bar bayani ga wani mai magana da harshen wurin. Ra'ayin yana ɗauke da raini a fili, amma shi ne ya haifar da wata sabuwar sana'a, watau ta mai sharhin majigi.

Tsarin kuwa shi ne, fim zai zo da takardar bayani da Turanci. Motar majigi ta isa gari da rana, a nemi izinin hakimi ko dagaci, a yi shela, da almuru a kafa allo a ƙofar fada ko a wani fili. Mai sharhi ya riƙe abin magana, hoto na tafiya yana faɗin abin da ke faruwa da Hausa. A ƙa'ida aikinsa ya bi takardar nan sau da ƙafa. A aikace kuwa, abin da ke gabansa taron mutane ne masu rai, waɗanda za su watse in ya gundure su, kuma za su yi gunaguni in ya faɗi kalmar da ba ta dace da kunnensu ba. Don haka dole ya zaɓa, kuma a kowane dare shi kaɗai ne alƙalin zaɓin.

A ɗauki misalin hawan daba da aka yi a Kaduna a 1956, sa'ad da Sarauniyar Ingila ta kawo ziyara. Idan takardar Turanci ta yi amfani da kalmar da ke nufin girmamawar talaka ga ubangidansa, mai sharhi yana da kalmomi aƙalla biyar a gabansa: gaisuwa, jahi, caffa, biyayya da mubaya'a. Gaisuwa ba ta ɗora wa kowa nauyi, domin tsara ma yakan gai da tsaransa. Jahi sukuwar dawaki ce da ɗaga hannu, watau sunan abin da ido ke gani ne kurum. Caffa kuwa miƙa kai ne ga wani babba don neman inuwarsa. Mubaya'a ta fi su duka nauyi, domin alkawari ne na addini da ake yi wa shugaban Musulmi, kuma faɗinta a kan sarakunan Arewa gaban sarauniyar Nasara magana ce da za ta ta da hankali. Mai sharhin da ya ce jahi ya faɗi gaskiyar hoton kuma ya tsare mutuncin sarakuna. Wanda ya ce biyayya ya faɗi abin da masu takardar ke so a ji.

Da Jihar Arewa ta samu mulkin kai a 1959, majigi bai mutu ba. Ma'aikatar watsa labarai ta Kaduna ta ci gaba da shirya nata finafinai, na noma da lafiya da rangadin shugabanni, kuma Baban Larai na cikin waɗanda suka zauna a zukatan masu kallo. A wannan ma'aikata ne Adamu Halilu ya goge, shi ne kuwa wanda ya shirya fim na farko da za a duba a nan. Abin lura shi ne, yawancin sharhin da aka yi a filayen nan ba a naɗe shi ba. Hotunan da suka tsira sun tsira ne da bayaninsu na Turanci, muryar Hausar kuwa ta tafi da masu ita. Saboda haka mai rubuta bayanin waɗannan finafinai da Hausa a yau sabon zaɓe yake yi daga tushe.

4. Shaihu Umar da Kalmomin Bauta

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar ne yana malamin makaranta a Bauci, don gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga littafin a 1934. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. An daɗe ana zaton fim ɗin ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Barlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Barlin a 2018. Daga nan bayaninsa ya sake yawo a duniya cikin harsuna da yawa.

Labarin ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 19. Umar ɗan Kagara ne. Makirci a fada ya sa aka kori mijin uwarsa, Makau. Aka sace yaron, ya bi hannuwa har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi Masar, ya rene shi, ya ba shi ilimi. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka yaudare ta aka sayar, aka ƙetara hamada da ita. Sun sadu daga ƙarshe, ta rasu jim kaɗan bayan haka, shi kuwa ya komo ƙasar Hausa ya zauna yana karantarwa.

Ana iya taƙaita wannan labari ta hanyoyi kamar haka:

(a) Labarin wani yaro ne da aka sace, aka mai da shi bawa, aka kai shi ƙasar Larabawa.

(b) Labarin wani yaro ne da ƙaddara ta raba da gida, ya tashi a hannun wani Balarabe, ya zama shaihin malami.

(c) Labarin wata uwa ce 'ya, wadda neman ɗanta ya jefa ta cikin bauta.

Babu ƙarya a cikin ko ɗaya. Amma jimla ta (b) ta shafe cinikin bayi gaba ɗaya, ta hanyar sa ƙaddara a gurbin sata, da sa reno a gurbin mallaka. Wanda ya karanta ta zai shiga kallo yana jiran labarin karatu da haƙuri. Jimla ta (a) ta riƙe bautar, amma ta yar da ilimin da ya ba littafin sunansa. Jimla ta (c) ita ce ta fito da wadda ta fi kowa shan wuya a labarin, kuma kalmar 'ya a cikinta tana aiki babba, domin ta nuna cewa matar ba a haife ta cikin bauta ba, an ƙwace mata ɗiyaucinta ne.

Dalilin da ya sa wannan zaɓe ke da wuya shi ne, Hausa tana da kalmomi da yawa a fagen da Turanci ke amfani da ɗaya ko biyu. Bawa da baiwa su ne sunaye na gaba ɗaya ga wanda aka mallaka. Bacucane shi ne wanda aka haifa cikin bauta a gidan ubangijinsa, kuma a al'ada sayar da shi abin kunya ne. Kuyanga baiwa ce mai hidimar gida. Ƙwarƙwara ko sa-ɗaka ita ce wadda ubangijinta ya ajiye a ɗaki, kuma 'ya'yan da ta haifa masa 'ya'ya ne masu gado. Bayin sarki kuwa, irin masu riƙe da sarautun Shamaki da Ɗanrimi da Sallama a Kano, sun fi talakawa da yawa iko da dukiya. Bara shi kuma ɗa ne, ya kawo kansa hidima, in ya ga dama ya tashi. Wanda ya cire bawa ya sa bara don sassauta magana, ya 'yanta mutum da alƙalami alhali tarihi bai 'yanta shi ba.

Haka nan kalmomin fita daga bauta. Fansa biyan kuɗi ne a karɓi mutum. Murgu kuwa kuɗi ne da bawa ke biyan ubangijinsa lokaci-lokaci don a bar shi ya yi sana'ar kansa, kuma biyan murgu bai fitar da shi daga bauta ba. 'Yantawa ita ce sakin da ubangiji ke yi. Dokar Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bautar kanta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ke nan sa'ad da Ɓalewa ke rubutu, akwai bayi da cucanawa da ransu cikin masu sauraron labarinsa, kuma waɗannan kalmomi sunayen maƙwabta ne a wurinsu.

Ko fitar da dakarun sarki suka yi zuwa ƙasar Gwari a farkon labarin tana buƙatar lura. Yaƙi yana nuna runduna biyu sun fuskanci juna. Hari da samame suna nuna an auka wa mutane ba shiri. Jihadi yana ba fitar hujjar addini. Abin da labarin ya siffanta hari ne na kamun mutane, kuma bayanin da ya kira shi yaƙi ya ba shi darajar da ba tasa ba.

5. Sarauniya da Kalmomin Turjiya

Fim na biyu ya fito ne daga ɗaya gefen iyaka. A 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta ratso ƙasar Hausa ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. A watan Afrilu ta gwabza da mutanen Lugu, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, ƙarƙashin Sarauniya Mangu. A watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni mummunar ɓarna. Labari ya kai Faris, aka aiko Kanar Klobb ya karɓi ragamar rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a yankin Tasawa. Cikin 'yan kwanaki sojojin da ke ƙarƙashin hafsoshin biyu suka kashe su, sauran rundunar kuwa ta ci gaba ta kama Damagaram a ƙarshen watan.

Abdoulaye Mamani na Nijar ya rubuta ƙagaggen labari a kan wannan da Faransanci a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Ga mai juya bayanin wannan fim zuwa Hausa, tarko na farko shi ne sunan kansa. Rubutun Faransanci ya sa baƙi da yawa suna ɗauka sunan yanka ne, alhali Bahaushe ya san sarauta ce, wadda mata ke gada a Lugu ɗaya bayan ɗaya.

Tarko na biyu shi ne sunan rundunar. A takardun Faransa ana kiranta da kalmar da ke nufin aike. In aka juya ta da tawaga ko manzanni, sai a ga kamar baƙi ne masu ɗauke da saƙo. In aka ce ayari, sai a tuno fatake. Mutanen da ke tafe da bindigogi da igwa, suna kama 'yan dako da ƙarfi, runduna ce, kuma abin da ta yi a Ƙonni kisan kiyashi ne. Ladabtarwa ko horo kalmomi ne da ke nuna akwai laifin da aka yi tun farko, akwai kuma mai ikon hukuntawa.

Tarko na uku shi ne sunan abin da Sarauniya ta yi. Tawaye da bore suna nufin fita daga biyayyar wanda ke mulkinka. A watan Afrilu na 1899 kuwa Faransa ba ta mulkin Lugu, saboda haka babu biyayyar da za a fita daga cikinta. Turjiya ko kare kai su ne suka dace da halin da ake ciki. Mai cewa tawaye ya amince, ko bai sani ba, cewa ƙasar ta Faransa ce tun kafin ta ci ta.

Tarko na huɗu ya shafi addini. Marubutan Faransa sun siffanta ta da kalmar da ke nufin mai sihiri, kuma Hausa na da bokanya, da matsafiya, da mayya. Boka mai magani ne da ake zuwa wurinsa neman taimako. Matsafi mai hidimar abin bauta ne na gargajiya. Maye kuwa shi ake zargi da kama kurwar mutane, kuma kiran mace mayya ƙazafi ne da kan raba ta da gari. Haka kuma mutanenta suna kiran kansu Azna, amma a kunnen Bakano ko Bazazzagi arna zagi ne. A nan bambancin karin harshe ma ya shigo: kalmar da ta zama suna a Dogon Dutsi ta zama gori a Kano.

6. Ƙamus da Na'ura

Masu wannan aiki sun daɗe suna dogara da ƙamus. Bargery, a ƙamusunsa na 1934, yakan tara kalmomi masu kusancin ma'ana a ƙarƙashin kalma guda, kamar yadda ya jera kalmomi masu ɗimbin yawa na girman jiki a ƙarƙashin ƙato. Abraham ya biyo baya a 1949, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamus na Hausa zalla a 2006. Irin wannan jeri taska ce, amma jerin yana nuna dangantaka ne kawai. Ba ya cewa kowace kalma za ta zauna a mazaunin 'yar'uwarta. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

A yau kwamfuta da wayar hannu suna yin wannan musanya cikin ƙiftawar ido. Mutum ya zuba bayanin fim, na'ura ta ba shi siffa uku ko huɗu na jimla ɗaya, ya ɗauki wadda ta fi masa daɗin ji. Sauƙin ya ƙaru, haɗarin ma ya ƙaru, domin bayanin da aka sassauta sau ɗaya shi za a sake kwafa a sassauta, har bawa ya koma bara, bara ya koma yaron gida, hari ya koma rikici. Mai sharhin majigi yana da taro a gabansa, cikinsu da dattawan da suka ga abin da idonsu ko suka ji daga iyayensu, waɗanda za su tsai da shi in ya kauce. Mai juya bayani a na'ura ba shi da wannan birki, sai wanda ya sa wa kansa.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da tambayoyi uku da ya kamata mai sake fasalin bayanin fim na tarihi ya yi wa kowace kalma kafin ya musanya ta. Ta farko, shin kalmar ta dace da matsayin mutumin a shari'a da al'adar zamaninsa, kamar bambancin bawa da bara, ko fansa da murgu? Ta biyu, bakin wa kalmar ta fito, na wanda ya ci ko na wanda aka ci, kamar bambancin tawaye da turjiya? Ta uku, yaya za ta sauka a kunnen jikokin mutanen da ake magana a kansu, a Kagara ko Ƙonni ko Lugu? Siffofi da kalmomin ado, irin su mashahuri da fitacce da sananne, ana iya juya su yadda aka so ba tare da wata asara ba. Sunayen matsayi da na aukuwa kuwa, in an same su daidai, a bar su yadda suke ko da za su maimaitu sau goma a shafi ɗaya.

Akwai kuma aikin da ke jiran cibiyoyin nazarin Hausa da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos. Finafinan majigi da suka tsira suna buƙatar bayani da Hausa, wanda masana harshe da masana tarihi za su zauna tare su tsara, a kuma nemi tsofaffin da suka halarci filayen kallon, a naɗi abin da suke tunawa na kalmomin da masu sharhi suka yi amfani da su, tun suna raye.